Manɗiƙi a Gafakar Malaman Maraɗi

Duk wanda ya taɓa naɗe ƙafa gaban malamin zaure a Maraɗi ya san Ahalari. Shi ake miƙa wa ɗalibi bayan Ƙawa'idi, ya koyi tsarki da alwala da ƙabli da ba'adi, kafin a zarce da shi Ishmawi da Iziyya da Risala. Har iyayenmu mata na nan unguwar Zariya, waɗanda suka shiga makarantar dare da furfura a ka, da shi suke kashe bakin juna in gardamar rafkanuwa ta tashi. Amma mai littafin, Abdurrahman al-Akhdari, mutumin yankin Biskira ta ƙasar Aljeriya, yana da wani littafin da bai yi irin wannan farin jini a wurinmu ba. Sunansa Sullam. Waƙe ne mai baiti 140 da 'yan kai, ya tsara shi a shekara ta 941 bayan Hijira, wajejen 1535 ke nan, yana saurayi ɗan shekara 21. Babu salla a ciki, babu azumi. Manɗiƙi ne zalla: yadda ake ja wa ma'ana iyaka don kada wata ta kutso cikinta, yadda ake jera magana biyu ta uku ta fito daga cikinsu ko ana so ko ba a so, da dabarun da mai zaƙin baki ke bi ya sayar wa jama'a ƙarya da sunan hujja. Tushen fannin na Aristo ne, Bagirken da ya rayu fiye da shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya shigo Larabci ta hannun masu fassara na Bagadaza a zamanin Abbasiyawa.

Ahalari bai ɓoye cewa ana rigima a kan fannin ba. Tun farkon waƙen ya kasa malamai kashi uku. Ibnus Salahi da Nawawi sun haramta shi. Wasu sun ce ya kamata a san shi, masu sharhi kuma Gazali suke nunawa a nan. Shi kuwa ya tsaya a tsakiya: halal ne ga mai lafiyayyar ƙwaƙwalwa wanda ya riga ya ƙoshi da Alƙur'ani da sunna. Hannun da ya koya mana inda ake sujadar ba'adi, shi ya tsara ƙa'idojin Aristo don yara su haddace, bai kuma ga ya yi abin kunya ba.

Abin da nake ji a fadojin Zariya, inda samari ke raba dare kan butar shayi, shi ya sa na tono wannan. Ɗan lakwal da ya ɗanɗani filo a ajin tarminal gani yake shi ya fara tambayar "me ya sa" a zuriyarsu. Ɗan islamiyya kuma gani yake duk wanda ya sa hankali a zancen Ubangiji ya kama hanyar zindiƙanci. Sun yi hannun riga a komai, amma sun haɗu kan abu guda, wai hankali baƙo ne a karatun addinin ƙasar nan. Alhali gardamar da ake yi a kansa ta iso Katsina, gidan kakannin sarakunanmu, tun ƙarshen ƙarni na 15, shekaru fiye da 300 kafin a kafa gadon sarauta a Maraɗi.

Wajejen 1492 Muhammadu ɗan Abdulkarimu al-Magili, mutumin Tilimsan, ya ratso Sahara ta Abzin ya shigo ƙasar Hausa. Ya zauna a Kano wurin Sarki Muhammadu Rumfa, ya rubuta masa littafi kan riƙon sarauta, ya koyar a Katsina, daga baya ya wuce Gawo wurin Askiya Muhammadu. Cikin waɗannan shekarun ne kuma Jalaluddini Suyuɗi ya aiko daga Alƙahira da wasiƙar nasiha ga Sarkin Katsina Ibrahim Sura da Sarkin Agadas, kan adalci da tsayawa ga shari'a. Wasiƙar ba ta taɓo manɗiƙi ba. Sai dai mutanen nan biyu da Katsinawa ke saurare lokaci guda, ɗaya baki da baki, ɗaya ta takarda, ba sa shan inuwa ɗaya a kan wannan fanni. Suyuɗi ya rubuta littafi sukutum yana haramta shi, ya kuma taƙaita raddin da Ibnu Taimiyya ya yi wa masu manɗiƙi. Magili kuwa malamin fannin ne. Waƙensa Minahul Wahhab an daɗe ana karanta shi a Tumbutu, Ahmad Baba ma ya karance shi wurin malaminsa Muhammadu Bagayogo.

Da labarin haramcin ya isa kunnen Magili sai ya aika wa Suyuɗi da baitoci, Ahmad Baba ya adana su tare da amsarsu a Nailul Ibtihaj. Hujjar Magili ita ce manɗiƙi ba addinin kowa ba ne, hanyar tantance magana ce. A nuna masa ƙa'ida ɗaya da ta karkace a ciki, ya bar ta. Amma kada a ce masa kafiri ne ya fara faɗa, domin kafircin mai magana ba ya karya maganar in ta tsaya da ƙafafunta. Suyuɗi ya mayar da amsa shi ma cikin waƙe. Ya tuna masa cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana Sayyadina Umar duba wata takarda ta Attaura, to ina ga littattafan Girkawa? Ya kuma yaba wa Magili, ya amince babban malami ne, ya yi masa sallama. Ba wanda ya kafirta wani. Nakan so a riƙa karanta wa masu wa'azin lasifika na zamaninmu wannan wuri.

A gafakar malaman ƙasar nan duka biyun suka kwana. Jalalaini, wanda Suyuɗi ya rubuta rabinsa, shi ake buɗewa kowane watan azumi tun daga masallatan Zariya har Jiratawa. A fagen tauhidi kuwa ra'ayin Magili aka bi, ko in ce sulhun da Gazali ya ƙulla kafin rasuwarsa a 1111. Gazali ya kasa kayan falsafa kashi-kashi. Lissafi da manɗiƙi ya ce ba su da laifi, har ya sa manɗiƙi gabatarwar littafinsa na usulul fiƙhi, Mustasfa. Inda ya zare takobi ga mabiya Farabi da Ibnu Sina wuri uku ne: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba sai a dunƙule, da cewa ba za a tayar da jikkuna ba. Ibnu Rushdi, alƙalin Ƙurɗuba, ya mayar masa da martani, amma abin da ya iso zaurukanmu daga Ibnu Rushdi shi ne Bidayatul Mujtahid, littafinsa na saɓanin malaman fiƙihu. Falsafarsa Turai ta nufa.

Babbar ƙofar da hankali ya shigo mana ta ciki ita ce Ummul Barahin ta Muhammadu ɗan Yusufu Sanusi, shi ma ɗan Tilimsan, wanda ya rasu a 1490. 'Yar ƙaramar aƙida ce mai shafuka kaɗan, ana ce mata Sugra ko Sanusiyya. Bayan godiya da salati ba da aya ta fara ba, ba kuma da hadisi ba. Da hukuncin hankali ta fara, ta raba shi uku: wajibi, wanda hankali ba zai yarda a ce babu shi ba, kamar jiki ya cika gurbin da yake ciki, mustahili, wanda ba zai yarda a ce akwai shi ba, kamar abu ya kasance yana motsi yana kuma tsaye cik a lokaci guda, da ja'izi, mai iya aukuwa mai iya ƙin aukuwa, kamar a yi ruwa gobe. Daga nan ta jero siffofin Allah 20: samuwa, daɗewa marar farko, wanzuwa, saɓa wa fararru, tsayuwa da kai, kaɗaitaka, sai iko da nufi da sani da rayuwa da ji da gani da zance, da wasu bakwai da ke rataye da waɗannan. Kowace da kishiyarta da aka kore, kuma yawancinsu da burhaninsu na hankali, in ban da ji da gani da zance waɗanda ya fara kafa su da nassi. Dalilin wannan tsari a fili yake wurin malaman Ash'ariyya. Ba ka kafa wa mutum hujja da Littafi sai ya yarda akwai Wanda ya aiko shi, ya kuma yarda ɗan aiken mai gaskiya ne.

Na karanta ta wurin wani dattijo a Bagalam, cikin tsofaffin unguwannin gari, ina zuwa a keke daga Zariya bayan asuba. Zaurensa babu komai sai buzu, da tarin littattafai bugun Masar masu rawayar takarda, da randa ginin Jiratawa a lungu, moɗa kife a kan faifanta. Karatu irin na da: in ja Larabci gaɓa-gaɓa, ya fassara, in ce na'am. Ranar da muka iso burhanin faruwar duniya na ce, "Allah gafarta Malam, ban gane yadda motsi ya zama hujja ba."

Ya nuna randar da carbinsa. "Ɗana, waccan tun da ka shigo me take yi?"

Na ce tana zaune.

"In na sa ka jirkita ta fa?"

Na ce ta motsa ke nan.

"To zaman ya tafi ina? Abin da ba shi da farko ba ya gushewa. Tun da zaman ya gushe, fararre ne. Tun da motsin ya zo bayan babu shi, fararre ne. Ka taɓa ganin randa, ko dutse, ko rana, da ba ta motsi ba ta kuma zaune?"

Na ce a'a.

"To abin da bai taɓa rabuwa da fararre ba, ta ina zai riga shi? Shi ma fararre ne. Fararre kuwa samuwarsa da rashinsa kunnen doki suke a hankali, ba wanda zai rinjayi ɗan'uwansa sai da mai rinjayarwa."

Na zaci zai ce tun da randa na da maginiya a Jiratawa, duniya ma na da nata. Bai bi nan ba. Ya ce wannan hujjar tsofaffi ce, tana da kyau tana kuma isar mai ita, amma ɗan gardama zai ce maka ya ga maginiya da idonsa, bai ga na duniya ba. Sai ya ɗora cewa in Mahaliccin shi ma fararre ne to yana bukatar wani, wanin ma haka. Ko dai a kewayo a dawo kan na farko, dauru ke nan, ko a yi ta tafiya babu ƙarshe, tasalsuli ke nan, dukansu hankali ya kore su. Bayan shekaru, a lise, mushen filo ya rubuta sunan Aristo a allo yana bayanin mai motsarwa na farko da Faransanci, 'yan aji na ta kwafa kamar yau aka haƙo shi. Ni dai na san hanyar, ko da yake ba wuri ɗaya ta kai mutanen biyu ba. Aristo ya ce duniya ba ta da farko, Sanusi kuwa duk ginin hujjarsa don ya rushe wannan ne. Dattijon Bagalam ya san saɓanin sarai. Falasifa yake ce musu, yana faɗar ra'ayinsu daidai yadda suka faɗa kafin ya kwance shi.

Inda wannan karatu ya taɓa rayuwar Maraɗi kai tsaye shi ne zancen sababi. Ban da hukuncin hankali da na shari'a, Sanusi ya yi bayanin na uku a littafinsa Muƙaddimat, wato hukuncin al'ada: an saba ganin wuta ta taɓa auduga ta ƙone, wuƙa ta yanka, tuwo ya ƙosar. Malaman fannin sun kasa mutane kashi huɗu a nan. Mai cewa wuta na ƙuna da ɗabi'arta, ba ruwan Allah, ya kafirta. Mai cewa tana ƙuna da wani ƙarfi da Allah ya zuba mata ɗan bidi'a ne. Mai cewa Allah ke ƙonawa amma haɗin ba ya taɓa warwarewa jahili ne, jahilcin da zai iya kai shi ga musun mu'ujiza. Mai tsira shi ne wanda ya ce Allah ke halittar ƙunar a lokacin da wuta ta taɓa, in ya so kuma ya hana, yadda ya hana ta ga Annabi Ibrahim.

A Masar ko Fas wannan jayayya ce da littattafan Ibnu Sina. A gulbin Maraɗi kuwa maƙwabta ake nufi. Ƙasa ce da fadar Maraɗi ke da Iya, ta Tsibirin Gobir ke da Inna, kowace tana riƙe da 'yan bori. Anna na yi wa iskokin gidansu yanka kafin shuka. Mafarauci na da sihirinsa, ɗan tauri na da maganin ƙarfe. Malamin da ke zaune tsakiyar wannan duka yana bukatar abin rarrabewa, rabon nan huɗu kuwa ya ba shi. Ba ya tsayawa ga tambayar me ka sha, sai ya ji me ka ƙudurce lokacin da kake sha. Da wannan ma'auni yake amsa wa mai cewa Doguwa ce ta shanye masa ƙafa. Da shi kuma, in za a faɗi gaskiya, yake kare nasa rubutun sha da layarsa: sababi ne kawai, Allah ke warkarwa. Ƙofar ta yi faɗi, abubuwa da dama sun bi ta ciki da bai kamata su wuce ba. Akwai kuma malalacin da ya mayar da "wuta ba ta ƙuna" dalilin ƙin kai yaro likita. Wannan ba laifin Sanusi ba ne. Mutumin ya yi sharhi kan na'urar auna taurari, ya yi kan waƙen likitanci na Ibnu Sina, ya san al'adar da Allah ya gudanar abin nazari ce.

Ɓarnar da ta fi wannan ta wani ɓangaren ta ɓullo. Sanusi ya tsananta a kan muƙallidi, mai imani don ya tarar iyayensa na yi ba tare da dalili ba, musamman a babbar aƙidarsa, Kubra. Cikin Fulani an mayar da Sugra karatun baka da Fulatanci, ana ce masa kaɓɓe. Muhammadu al-Wali ɗan Sulaimanu, malamin Bagirmi na ƙarshen ƙarni na 17, ya zuba irin wannan sharhi cikin Larabci a Manhajul Farid. Kafin ƙarni na 18 ya ƙare an sami ɗalibai a ƙasar Hausa da ke titsiye talaka da tambayoyin siffofi da dalilansu, in ya kasa su ce ba Musulmi ba ne.

Wanda ya tsaya musu shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, haifaffen Maratta a ƙasar Gobir a 1754. Ba don ya jahilci fannin ba. Ƙanensa Abdullahi ya rubuta cewa wurin Shehu ya karanci littattafan Sanusi da sharhohinsu. Shehu ya yi rubuce-rubuce da yawa a kan mutanen nan, daga ciki akwai Hisnul Afham da Nasa'ihul Umma. Ya jawo labarin da Hasan al-Yusi, malamin Maroko da ya rasu a 1691, ya bayar na irin wannan fitina a Sijilmasa, inda aka kai ga cewa ba a cin yankan gama-garin Musulmi, ba a ƙulla aure da su. Matsayinsa shi ne wanda ya furta shahada ana karɓarsa a zahiri, zuciya ta Allah ce. Annabi da sahabbai ba su taɓa yi wa baƙauye jarrabawar jirmi da arali, wato jiki da abin da ke bijiro masa, ba. Zurfafa cikin hujjoji aikin wasu ne, su ɗauke wa saura. A nawa karatun tarihin ƙasar nan, ilimin kalami, wato wannan tauhidi na hujjojin hankali, bai cika fitar da mai shi daga addini ba, yadda ake tsoratar da mu. Girman kai ya fi sa shi, shi ya riƙa fitar da wasu.

Mu mutanen Maraɗi da Tsibiri da ɗan murmushi muke karanta wannan babi. Shehun da ya hana a kafirta talaka kan siffofi 20, shi ya yanke wa sarakunan Hausa hukuncin kafirci kan gauraya Musulunci da al'adun arna, jikokin waɗannan sarakuna kuwa su ke kan gado a garuruwan nan biyu. Katsina ta faɗi a 1807, Alƙalawa a 1808. Ɗan Kasawa ya kafa sarautar Katsina a Maraɗi wajejen 1819. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarki Rauda na Maraɗi, Mayaƙi ya kafa Tsibiri. Wanda ya fi kowa tsaya wa ɓangaren sarakunan da alƙalami shi ne Muhammadu al-Aminu al-Kanemi na Barno, a wasiƙunsa da Muhammadu Bello ya kwafa cikin Infaƙul Maisur. Hujjarsa irin ta ɗan manɗiƙi ce: saɓo daban, kafirci daban, in kuwa kowane saɓo kafirci ne to Masar da Sham ma sun faɗa ciki, don can ma ana bidi'a. Bello ya amsa cewa ba don saɓo suka ɗaura yaƙi ba, don yanka ga duwatsu da itatuwa ne, da taimakon maƙiya a kan Musulmi. Kowannensu ƙoƙari yake ya ja wa kafirci iyaka, aikin da ɗalibi ke koya a babin ta'arifi, sai dai nan da rayukan mutane da garuruwansu ake yi.

Falsafa tsantsa kuwa ko da yaushe ta 'yan tsiraru ce. Muhammadu al-Kashnawi, Bafulatanin Katsina, ya tafi hajji ya zauna Alƙahira, ya rasu a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin Masar. An fi saninsa da hatimai, murabba'an lissafi da jimillar kowane layi ke fitowa daidai, amma yana da waƙen manɗiƙi da sharhinsa. Wanda ya fi nisa shi ne Abdulƙadir ɗan Musɗafa, wato Ɗan Tafa na Salame, jikan Shehu ta wurin 'yarsa Hadiza, wanda ya rayu daga 1804 zuwa 1864. Yana saurayi ya rubuta Futuhatur Rabbaniyya, yana bin ra'ayoyin masu cewa ɗabi'a ke tafiyar da duniya yana auna su. Bajamushen nan Barth ya sadu da shi a 1853, ya sa shi sahun gaba na masanan ƙasar. Abin da ya fi ba ni sha'awa a wurinsa alƙawuran da ya ɗaukar wa kansa ne a Uhud wal Mawasiƙ. Mutumin da ya sha falsafa ya ƙoshi, ya yi alkawarin gina aƙidarsa kan ayoyin Alƙur'ani ba kan hujjojin masu kalami ba, ya kuma yi alkawarin ba zai kira jama'a zuwa ga abin da ya sani na falsafa ba. Sanin yana nan, an dai ƙi baza shi a kasuwa. A ƙarshen ƙarni na 19 sojojin Faransa suka ƙone Salame.

Maraɗi ta wancan ƙarni garin doki da mashi ce. Mai neman ilimi mai zurfi kudu yake yi, Katsina ko Kano ko Zazzau wadda ta yi suna a nahawu da lugga, ya dawo da littattafan da ake karantawa a ƙasar abokan gabar sarkinsa. Ambaliyar 1945 ta tashi gari daga cikin gulbi zuwa kan tudu. Kuɗin gyaɗa, daga baya fataucin Najeriya, suka haifi alhazai, sababbin unguwanni irin tamu suka bazu. Ta wannan hanyar fatauci Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta shigo a shekarun 1980, ta fito fili sosai bayan taron ƙasa na 1991. Da ita wani tsarin tauhidi ya zo: Usulus Salasa da Kitabut Tauhid na Muhammadu ɗan Abdulwahhabi, da Wasiɗiyya ta Ibnu Taimiyya. Tauhidi kashi uku, rububiyya da uluhiyya da sunaye da siffofi, kowace magana da ayarta ko hadisinta. Yaron islamiyya a Zariya yau galibi da wannan yake buɗe baki. Siffofi 20 sun koma zaurukan dattawa da zawiyoyin 'yan ɗariƙa.

Ba na cikin masu cewa sababbin ba su zo da komai ba. Sun ce matsalar ƙasar nan ba musun samuwar Allah ba ce, anne ma ya san da Allah. Matsalar ita ce wa ake yi wa yanka, wa ake kira in ciwo ya yi tsanani, hujjar faruwar duniya kuwa ba ta taɓa wannan ba. Suka ce mai nauyi. Haka amsarsu ga mai laya: ba kowane abu ne sababi ba, sai wanda shari'a ta tabbatar ko gwaji ya tabbatar. Amma duk wannan aikin hankali ne, ko an kira shi da sunansa ko ba a kira ba. Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, bai yi raddin manɗiƙi don bai san shi ba. Ya karance shi ciki da bai, ya kama mabiya Aristo kan cewa ta'arifi ba ya sanar da abu ga wanda bai riga ya san shi ba, da cewa ƙa'ida gama-gari daga ɗaiɗaikun abubuwa ake tsinto ta. Ya kuma rubuta Dar'u Ta'arud, wajen mujalladi 10, don nuna cewa tataccen hankali ba ya karo da ingantaccen nassi. Saurayin da ke daka wa ɗan'uwansa tsawa a fada cewa addini ba da hankali ake yin sa ba, da sunan wannan malami yake yi, bai kuwa taɓa buɗe littafin ba.

Ko a Madina, inda da yawa daga masu wa'azinmu suka yi karatu, fannin bai kwana a waje ba. Muhammadul Amin ash-Shanƙiɗi, mutumin Muritaniya da ya taso cikin irin karatun Sahara da ya haifi Magili, ya koyar a Jami'ar Musulunci ta Madina har rasuwarsa a 1974. Tafsirinsa Adwa'ul Bayan yana kan kantar malaman sunna da dama a unguwar nan. Da aka ɗora masa koyar da ladubban bincike da muƙabala, ya rubuta wa ɗaliban jami'ar littafi, ya cika kashin farko da ƙa'idojin manɗiƙi, tun daga rabe-raben lafazi har siffofin ƙiyasi. Dalilin da ya bayar shi ne wanda ya gina shubuharsa da wannan fanni ba a iya rushe masa ita sai da irin kayan aikin da ya yi ginin da su.